Wuƙar injin yankan ciyawa daga firintar gida: sauƙin da ke ciki da haɗarinsa

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama ba ya ɗaga wa birnin Enugu ƙafa, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. Duk wanda ya ajiye adda da lauje ya koma ga ƙaramin injin yankan ciyawa, ko a unguwar Asata inda Hausawa suka daɗe da zama, ko a harabar wata ma'aikata a Abuja, ya san inda raunin injin yake: 'yar wuƙar robar da ke juyawa a bakinsa. Da ta daki dutse sai ta karye, kuma kowane kamfani da irin tasa. In ba a sami wadda ta dace ba, lafiyayyen inji sai ya koma kwanciya a sito.

Ƙera abin da ya gagara samu tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Maƙeran Coal Camp a Enugu da na Panteka a Kaduna shaida ne. Sabon abu shi ne firintar 3D, wadda ke narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, har siffar da aka zana a kwamfuta ta fito. Ba'amurke Scott Crump ne ya nemi haƙƙin mallakar dabarar a 1989. Da wa'adin haƙƙin ya ƙare a 2009, farashin na'urar ya faɗi har ta shiga gidaje. A 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya haɗa tasa a birnin Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Buga wuƙar ba shi da wuya. Za a auna tsohuwar, a zana ta, na'ura ta fitar da sabuwa da roba kaɗan. Wahalar tana wajen aikin da ke jiranta. Yawancin waɗannan injuna kan yi dubban juyi a minti guda, kuma duk lokacin da gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke fizgar wuƙar waje yakan ninka sau huɗu. Wadda ta tsinke a wannan hali ba ta da maraba da harsashi.

Saboda haka abu biyu ne ke raba wuƙa mai aiki da mai jawo asarar ido. Na farko shi ne irin robar. PLA, wadda masu koyo suka fi so saboda sauƙinta, tana da saurin tsagewa, kuma takan fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Nailan, wanda da shi ake yin zaren yankan ciyawa na kanti, ya fi jure duka, sai dai yana tsotsar danshi, don haka dole a busar da shi kafin bugu, musamman a gari mai laima irin Enugu. Na biyu shi ne kwanciyar wuƙar a kan farantin na'ura. Abin da aka buga ya fi rauni a mahaɗar hawa da hawa, shi ya sa ake buga ta a kwance, a cike cikinta, a kuma ƙara kauri a kewayen ramin da ke riƙe ta. Ko da an cika waɗannan sharuɗɗa, gilashin kare ido da murfin injin wajibi ne.

A nan ne batun ya shafi ma'aikacin tarayya. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 5 ta 2018 ta umarci hukumomi su fifita fasahar cikin gida wajen sayayya. A Enugu kanta akwai cibiyar PRODA da ke Emene, da cibiyar ƙera kayan kimiyya ta hukumar NASENI. Irin waɗannan wurare ne ya kamata su gwada zane, su tantance robar, hukumar SON kuma ta sa ma'auni, kafin kowa ya ɗaura wuƙar gida a injin gwamnati.

Murfi, mariƙi da maɓalli, jami'in sito na iya sa a buga su gobe, a ceto injin da ake shirin yin gwanjonsa. Wuƙar da ke juyawa kusa da ƙafa da idon lebura kuwa, sai an gwada ta tukuna.