Wasan faɗa na allo: a daina yi musu kuɗin goro

Duk lokacin da maganar shagunan gem ta taso tsakanin iyaye a Sharaɗa ko Bompai, hukunci ɗaya ake yankewa: wasan faɗa koyon kisa ne, a rufe shagunan kowa ya huta. Damuwar tana da tushe. Uban da ya kwana aiki a masana'antar Chalawa ya dawo ya yi barci, bai san abin da ɗansa ya wuni yana dannawa ba. Sai dai kuɗin goron nan shi ke hana a gane inda ɓarnar take.

Wanda ya cancanci a ji tsoronsa sananne ne: Mortal Kombat. Tun fitowarsa a 1992, in ka ci abokin karawarka sai ya tsaya yana tangaɗi, a ba ka 'yan daƙiƙu ka jera wasu maɓallai ka fille masa kai. Wannan ƙarshen ne ya kai maganar gaban majalisar dattawan Amurka a 1993, har aka kafa hukumar ESRB a 1994 don rubuta shekarun da suka dace a jikin kwali.

Super Smash Bros., wanda Masahiro Sakurai ya tsara wa Nintendo a 1999, da ɗan'uwansa Brawlhalla da ya shigo waya a 2020, gininsu daban ne. A kan dandamali ake fafatawa, kuma wanda aka cilla waje shi ya faɗi. A Smash kowane duka yana ƙara maka lamba, daga 0% har 999%. Yawanci nan ake ruɗewa, a ɗauka lambar rai ce mai ƙarewa. A'a. Kamar buhun gero ne da ake ta ɗiba: yana cike ko ka hanɓare shi ba ya motsi, in ya kusa ƙarewa shuri ɗaya ya kai shi bayan katanga. Shi ya sa mai 150% kan tsira in ya yi dabara ya cafko bakin dandamali, mai 30% kuwa ya zame ya faɗa rami.

Wanda aka cilla ta gefe, haske ne kawai ke tartsatsi. In ta sama ne, wani lokaci ya yi ta juyi yana nisa har ya zama tauraro ya ƙyafta, ko ya dawo ya bugi gilashin talabijin. A Smash na 2018, in dukan ƙarshe ya sauka, hoton kan matso kusa, motsi ya yi sanyi, bango ya yi ja. Ba jini ko ɗigo, kuma da an tashi za ka ga wanda aka kayar yana tafa wa gwani.

ESRB ta ba Mortal Kombat shekara 17, Smash na 2018 shekara 10. To amma wa ke ganin kwali a Kano? Tura wasannin ake yi cikin na'ura, ɗan shekara bakwai ya biya kuɗinsa ya zauna gefen saurayi mai gemu. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda ke nan tun 2001, da za ta wajabta wa kowane mai shago ya manna jerin wasanninsa da shekarunsu a ƙofa, da uban da ya taso daga aiki ya san abin da zai tambaya.