Shin manhajar rumbun bayanai ta Windows na da gurbi a tsarin Linux?

Masu kula da kwamfutoci a bankuna, asibitoci da ma'aikatu sun daɗe suna muhawara kan ko ya dace a ɗora manhajar da aka ƙera domin Windows a kan Linux, tsarin gudanar da kwamfuta da kowa ke da 'yancin duba ƙirarsa da gyara ta. Labarin SQL Server, manhajar adana bayanai ta kamfanin Microsoft, ya nuna inda gizo ke saƙar.

Linus Torvalds ne ya fara ƙirƙirar Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. A 2001, shugaban Microsoft na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da cutar daji saboda sharuɗɗan lasisinsa. Sai dai kasuwa ta sauya. Linux ya mamaye manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet, kuma a watan Maris na 2016 Microsoft ya sanar cewa zai kai SQL Server can. A watan Nuwamba na shekarar ya shiga Gidauniyar Linux, sannan SQL Server 2017 ya fito yana aiki a kan Red Hat, Ubuntu da SUSE.

Amma ba duk kayan aikin da ke tare da injin adana bayanan ne suka yi ƙaura ba. SQL Server Management Studio, wato SSMS, kayan aikin da yawancin masu tsara rumbun bayanai suka saba da shi, har yanzu a Windows kawai yake aiki. Azure Data Studio, wanda aka samar domin ya yi aiki a Windows da Linux da macOS, shi ma kamfanin ya sanar a watan Fabrairun 2025 cewa zai daina tallafa masa a ƙarshen Fabrairun 2026, ya kuma shawarci masu amfani da shi su koma Visual Studio Code.

Masu goyon baya na cewa ofishin da ya shafe shekaru yana tara bayanansa a SQL Server zai iya komawa Linux ba tare da sake gina komai daga tushe ba, ya kuma huta da kuɗin lasisin Windows. Masu adawa kuwa na tunatar da cewa hawa kan Linux bai mayar da manhajar buɗaɗɗiya ba. Ƙirarta na rufe, kuɗin lasisinta na kasuwanci na nan, kuma kamfani ɗaya ne ke yanke hukuncin ranar da zai daina kula da ita. A cewarsu, PostgreSQL da MariaDB, tare da kayan aiki irin su DBeaver, sun isa biyan buƙatun yawancin ofisoshi.

Akwai kuma masu bi ta manhajar Wine, wadda ake amfani da ita tun 1993 wajen gudanar da manhajojin Windows a Linux. Wannan hanya kan yi aiki wani lokaci, amma idan matsala ta taso, maƙerin manhajar ba lallai ne ya ɗauki alhaki ba.

Saboda haka, kafin ofishi ya yanke shawara, wajibi ne ya bincika abin da lasisi ya halatta, wanda zai gyara idan aiki ya tsaya, da kuma ko zai iya kwashe bayanansa zuwa wata manhajar idan aka daina tallafa wa wadda yake amfani da ita.