ƘARA WA INJIN MOTAR SHIGA KARKARA ƘARFI: ABUBUWAN DA YA KAMATA A DUBA KAFIN YANKE SHAWARA

Gabatarwa

A yawancin garuruwanmu na karkara, mota mai ja da tayoyi huɗu ita ce motar asibiti, ita ce ke kai taki da iri, kuma ita ce ke ɗaukar ma'aikatan rigakafi zuwa rugage da ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Idan irin wannan mota ta fara kasala a kan tudu ko ta riƙa kafewa cikin rairayi, shawarar da aka fi ba mai ita ita ce ya ƙara wa injin ƙarfi, ko ya sauke shi ya ɗora wanda ya fi shi girma. An shirya wannan bayani ne domin manoma, da ƙungiyoyin gama kai, da direbobi, da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin gwamnati, don su san abin da wannan aiki ya ƙunsa tun kafin a fitar da kuɗi.

Hanyoyin da ake bi wajen ƙara ƙarfi

Hanyoyi huɗu ne makanikai suka fi bi. Ta farko ita ce buɗe famfon mai na injin dizal domin ya riƙa tura mai fiye da yadda kamfani ya saita. Ta biyu ita ce ɗaura turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Ta uku ta shafi motocin zamani masu kwamfuta, inda ake sauya lissafin da ke cikin kwamfutar. Ta huɗu ita ce sauya injin ɗungurungum, galibi da ɗan Beljiyam irin wanda ake saye a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas.

Dukan hanyoyin nan manufarsu ɗaya ce: a ƙona mai da iska da yawa a cikin ɗan lokaci. Duk ƙarfin da aka samu daga nan yake fitowa, kuma duk matsalolin da za a ambata a ƙasa daga nan suke tasowa.

Shin ƙarfin inji ne matsalar?

Wannan ita ce tambayar farko, domin sau da yawa amsar ita ce a'a. Mota tana kafewa a rairayi ko taɓo ne idan tayoyinta sun kasa kama ƙasa, ko kuma cikinta ya zauna a kai. Idan taya ta riga ta fara juyawa a wuri ɗaya, ƙarin ƙarfi zai sa ta haƙa rami ne da sauri, motar ta ƙara nutsewa. Abin da ke faruwa ke nan a rairayin Yusufari da Machina, da laka mai danƙo ta firgi a yankin Dikwa da Ngala, da fadamun Haɗeja da Nguru a lokacin damina.

Akwai misali da ya kamata a lura da shi. Motar Land Cruiser jerin 70, wadda kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1984, ita ce ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna dogara da ita a matsayin motar asibiti, kuma ita ce ke ratsa sahara tsakanin Agadas da Bilma a Jamhuriyar Nijar. Injin dizal da ya yi mata suna, wato 1HZ wanda ya fito a 1990, mai lita 4.2 ne da silinda shida, ba shi da turbo, kuma ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Ƙananan motocin gida da yawa sun fi shi ƙarfin doki, amma ba za su yi tafiyar kilomita ɗaya a wannan hanya ba. Abin da ke fitar da ita shi ne ja da tayoyi huɗu, da tsayin ciki daga ƙasa, da giyar ƙarfi wadda ake rubuta wa L4 ko 4L. Wannan giya tana ninka jan da ke isa taya sau biyu zuwa biyu da rabi, gwargwadon samfurin mota, kuma babu wani gyaran inji mai hankali da zai ba da irin wannan ninki. Duk da haka akwai direbobin da suke shekara ba su taɓa ta ba, akwai kuma motocin da aka kwance musu farfelar gaba da sunan rage shan mai, suka koma ja da tayoyi biyu kawai.

Dawo da ƙarfin da ya ɓata

Motar da a da take hawa tudu ba wahala, yanzu kuma ta kasa, ta rasa wani ɓangare ne na ƙarfinta na asali, kuma dawo da shi ya fi ƙari araha. Kafin a yi maganar turbo ko sabon inji, a sa amintaccen bakanike ya duba waɗannan:

1. Matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji tana toshe ta cikin ɗan lokaci, inji kuwa ba ya ƙona mai sai da iska.

2. Matatar mai da tanki, musamman idan ana sayen man bumburutu wanda kan zo da ruwa ko datti.

3. Nozul da famfon mai a injin dizal, ko fulogi a injin fetur.

4. Matsin silinda. Akwai ma'auninsa, kuma shi ke nuna ko zobban fistin ko bawul sun cinye.

5. Kuloci mai zamewa, da birki mai kamawa, da salansar da ta toshe.

6. Girman taya. Idan an sa tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 10 cikin 100, jan da ke isa ƙasa zai ragu da kusan kashi 9 cikin 100.

7. Lodi. An ƙera a-kori-kura irin su Hilux ne don ɗaukar abin da ya kai kimanin tan ɗaya, har da direba da fasinjoji. Buhu 10 na masara mai kilo 100 ya riga ya cika wannan nauyi. Wanda ya ɗora 18 ya kasa hawa tudu, laifin ba na inji ba ne.

Abin da ke biyo bayan ƙarin ƙarfi

Zafi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na man da inji ya ƙona ke zama ƙarfin tafiya. Sauran zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. Idan aka ƙara mai, zafin ma ya ƙaru, alhali lagireton na nan yadda yake. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato, Nguru da Maiduguri, mota mai tafiya a hankali cikin rairayi ba ta samun iskar da za ta sanyaya ta. A nan gasket ke ƙonewa, kan inji ya tsage.

Ƙirar inji. Kamfanin da ya ƙera 1HZ ya fitar da ɗan'uwansa mai turbo, 1HD-T, wanda shi ma lita 4.2 ne kuma ƙarfinsa ya kai kimanin doki 165. Amma ba turbo kaɗai aka ɗaura masa ba. An sauya fistin da kan injin da yadda mai ke shiga, kuma an rage matsin silinda daga kimanin 22 zuwa ƙasa da 19 domin ya jure ƙarin iskar. Wanda ya ɗaura turbo a injin da ba a shirya shi don haka ba, ya kuma buɗe famfo sosai, yana iya fasa fistin. Baƙin hayaƙin da wasu ke ɗauka alamar ƙarfi, mai ne da bai gama ƙonewa ba, kuma alama ce ta cewa cikin injin yana ɗaukar zafin da ya wuce ƙima.

Sauran sassa. Kuloci, da akwatin giya, da farfela, da aksul duk an auna su ne da ƙarfin injin asali. Idan ƙarfi ya ƙaru, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa, kuma galibi a daji yake karyewa, inda babu gareji.

Birki. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Idan gudu ya tashi daga kilomita 60 zuwa 90 a awa, nisan tsayawa zai ninka fiye da sau biyu. Motocin nan dogaye ne, nauyinsu na sama, don haka sun fi ƙananan motoci saurin kifewa a kwana, balle idan akwai mutane a baya ko kaya a kan rufi.

Kuɗin mai da gyara. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai ya zama babban kaso na kuɗin tafiyar da kowace mota. Injin fetur mai lita 4 da aka sa a gurbin mai lita 2.7 zai riƙa karɓar nasa kowace rana har ƙarshen rayuwar motar. Haka kuma motar da aka haɗa ta da sassan motoci daban-daban tana wahalar da bakaniken ƙauye, domin bai san kayan gyaran da za su yi mata daidai ba.

Inda ƙarin ƙarfi ke da hujja

Akwai yanayin da aikin yake da ma'ana. Na farko shi ne tuddai masu tsayi. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 da aka hau, saboda iska tana raguwa. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, asarar ta kai kusan kashi 12, a tsaunin Mambila kuwa ta fi haka. Turbo yana mayar da mafi yawan wannan asara. Na biyu shi ne motar da aikinta na kullum jan tirela ko tankin ruwa ne a kan kwalta. Na uku shi ne injin da ya riga ya mutu, wanda dole a sauya shi.

Ko a nan ma, mafi aminci shi ne a nemi injin da kamfani da kansa ya taɓa sa wa wannan samfurin mota, a haɗa da kulocinsa da lagiretonsa da wayoyinsa. Idan turbo za a ɗaura, a tsaya kan matsakaicin ƙari, a sa ma'aunin zafin hayaƙi a gaban direba, a gyara birki a lokaci guda, kuma a rage tazarar juyen baƙin mai. Kada a sayi ɗan Beljiyam sai an ji shi yana aiki ko an auna matsinsa, an kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin.

Takardu da doka

Lambar inji tana cikin bayanan da ke kan takardun mota. Duk wanda ya sauya inji, wajibi ne ya kai rasit ofishin lasisin motoci domin a gyara takardun, ya kuma kai motar jami'an VIO su duba lafiyarta. Rashin yin haka yana iya jawo tuhumar mallakar kayan sata a shingen bincike, tare da wahala ranar da za a sayar da motar. A sanar da kamfanin inshora a rubuce, domin sauyin da aka ɓoye masa yana iya zama dalilin ƙin biyan diyya. Motar da ke cikin wa'adin garanti kuwa tana rasa garantin injinta idan aka taɓa famfo ko kwamfutarta. A tuna kuma cewa ƙarin ƙarfi bai ɗaga iyakar gudu ba: a cikin gari kilomita 50 ne a awa, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tsara.

Jan hankali ga jami'an ƙananan hukumomi

Motar gwamnati amana ce ta jama'a, kuma bai halatta direba ko wani jami'i ya sa a sauya mata inji bisa ra'ayin kansa ba. Kafin a amince da irin wannan buƙata, ya kamata a samu rahoton injiniyan sashen ayyuka a rubuce, wanda ya nuna an duba abubuwa bakwai da aka lissafa a sama. A duba littafin tafiye-tafiyen motar don sanin hanyoyin da take bi da man da take sha. A kwatanta kuɗin aikin, haɗe da ƙarin man shekara guda, da kuɗin cikakken gyaran injin asali. Idan an sauya inji, a shigar da sabuwar lambar cikin rajistar kadarori, a mayar da tsohon injin sito.

Game da motar asibiti, abin da mai naƙuda ke buƙata shi ne motar da za ta tashi da ƙarfe biyun dare ta isa babban asibiti ba tare da ta tsaya a hanya ba. Kwana goma da motar za ta yi a gareji tana jiran wani ƙarfe daga Legas, kwana goma ne da gundumar za ta yi babu motar gaggawa.

Abubuwan da suka fi araha kuma suka fi amfani

Da ɗan kaso na kuɗin sabon inji za a iya sayen tayoyi masu zanen da ya dace da ƙasar yankin, da ma'aunin iska, da famfon iska mai aiki da batir, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da faranti biyu na ƙarfe ko katako da ake shimfiɗa wa taya. Rage iskar taya daga kimanin 35 zuwa 18 ko 20 a ma'auni kafin shiga rairayi yana faɗaɗa wurin da taya ke taka ƙasa, ya hana ta nutsewa, da sharaɗin a tafi a hankali kuma a mayar da iskar da zarar an hau kwalta. Horar da direba na kwana ɗaya ko biyu kan amfani da giyar ƙarfi yana rage kafewa fiye da kowane turbo. Shi kuwa ruwan kogi ko kwazazzabo mai gudu, babu ƙarfin injin da ke maganinsa. Idan ruwa ya shiga ta mashigar iska, injin zai lalace nan take, kuma ruwa mai gudu yana iya ɗauke motar da mutanen cikinta. Jira har ya janye shi ne kawai mafita.

Kammalawa

Ga mafi yawan motocin da ke aiki a karkara, shawarar ita ce a bar inji yadda kamfani ya ƙera shi, a kula da shi a kan kari, a rage lodi, a gyara taya da birki. Wanda aikinsa ya shiga cikin yanayi uku da aka ambata, ya tuntuɓi injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa ko ofishin VIO mafi kusa kafin ya biya kuɗin kowane inji. Ana roƙon hakimai, da dagatai, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na manoma su isar da wannan bayani ga jama'arsu.