Bafaranshen Da Ya Koyo Gini A Yamai, Ya Haramta Wa Kansa Rusau

A cikin shekarar 1984, wani saurayi Bafaranshe mai zayyanar gine-gine ya kafa bukka a kan wani tudun rairayi da ke gefen Kogin Kwara, daura da birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar. Rassan itace da zana da tabarmi su ne kayan aikinsa. Cikin kwana biyu aka gama ta, kafin shekara biyu kuwa iska ta yi gaba da ita. Wannan saurayi shi ne Jean-Philippe Vassal, wanda a shekarar 2021 shi da abokiyar aikinsa Anne Lacaton suka karɓi lambar Pritzker, watau lambar girma mafi daraja ga masu wannan sana'a a duniya.

An haifi Vassal a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko a shekarar 1954. Ya yi karatu a makarantar koyon zayyanar gine-gine ta birnin Bordo a Faransa, inda ya haɗu da Lacaton, suka kuma sauke karatu a 1980. Daga nan ya nufi Nijar, ya yi shekara biyar yana aikin tsara gari, ita kuma Lacaton takan kai masa ziyara. A can ne suka ga yadda talaka yake fid da inuwa da makwanci daga ɗan abin da ke hannunsa, ba tare da ya zubar da ko tsinke ba. Wannan darasi suka koma da shi gida, suka buɗe ofishinsu a shekarar 1987.

Aikin da ya fara fito da sunansu shi ne gidan Latapie, wanda suka gina a 1993 kusa da Bordo domin wani iyali mai ƙaramin ƙarfi. Sun jingina wa gidan wata babbar rumfa ta roba mai haske, irin wadda manoman Turai suke renon shuka a ciki, sai ga wuri ya yalwata da kuɗi kaɗan. Rumfar tana tara ɗumin rana a lokacin hunturu, in zafi ya zo kuma a buɗe ta iska ta ratsa.

A shekarar 1996 hukumar birnin Bordo ta nemi su ƙawata wani ɗan dandali mai suna Léon Aucoc. Da suka zauna suka lura da wurin, suka ji ta bakin mazauna unguwar, sai suka ba da shawarar a sake zuba tsakuwa, a kula da itatuwa, a riƙa shara, a bar sauran yadda yake. Hukuma ta yarda. Haka kuma a 1998, da za su gina wani gida a Cap Ferret a bakin teku, ba su sare itace ko ɗaya ba. Sun ɗaga gidan bisa ƙafafun ƙarfe, itatuwa shida suka ratsa ta cikinsa.

Babban gwajin ya zo ne a kan gidajen talakawa. A shekarar 2003 gwamnatin Faransa ta ɗauki shirin rushe dogayen benayen haya da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin a sake sababbi. Vassal da Lacaton da abokinsu Frédéric Druot suka ce wannan ɓarna ce. Hujjarsu ita ce, rusau yana cin kuɗi, yana tarwatsa maƙwabta, yana kuma jawo buƙatar sabon siminti, alhali kuwa masana'antun siminti suna cikin manyan masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Sun tabbatar da maganarsu a aikace. A 2011 suka gyara dogon benen Bois-le-Prêtre a Paris mai gidaje 96. Daga baya suka kama benaye uku na unguwar Grand Parc a Bordo masu gidaje 530, aka gama a 2017. Suka cire bangon gaba mai ƙananan tagogi, suka sa ƙofofin gilashi, suka ƙara wa kowane gida baranda da rumfa mai faɗin kusan mita huɗu. Ba a tashi kowa daga ɗakinsa ba sa'ad da ake aikin, ba a ƙara wa kowa kuɗin haya ba, abin da aka kashe kuma bai kai rabin kuɗin rushewa da sake gini ba. Wannan aiki ya ci lambar Mies van der Rohe ta Tarayyar Turai a 2019.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ga hukumomin da katafila ce farkon abin da suke tunawa da shi in sun ga tsohon gini, aikin waɗannan mutane biyu yana ɗauke da tambaya guda: kafin a rushe, an ƙirga abin da gyara zai ci, an kuma tambayi waɗanda suke kwana a ciki?