Aikin kafinta da ido ba ya gani

Da zarar an gama girbi, an shigar da gero da dawa da gyaɗa, sai ƙarar guduma da zarto ta fara tashi a unguwannin Gaya da ƙauyukan Ajingi. Lokacin ne kuɗi ke zuwa hannun manomi, lokacin ake sa ranar bukukuwa, lokacin kuma maigida ke tuna ɗakin da ya yi yoyo a watan Agusta. Wani rufi zai sauya, wani ƙofa, wani 'yarsa zai aurar yana neman gado da wadrob, kuma duk wurin kafinta za a nufa. Gaya ba baƙuwar sana'ar hannu ba ce, tunda tarihin baka ya ce daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi zuwa Dala neman tama. Duk da haka, yawancinmu ba mu san abin da ke faruwa tsakanin ranar da muka ba kafinta kafin alƙalami da ranar da ya miƙa aiki ba, kuma a wannan tsakanin ne saɓani ke yawan tasowa.

Kafintocinmu kashi biyu ne, ko da yake a ƙauye mutum ɗaya kan haɗa duka. Akwai kafintan rufi, wanda ke yini a saman gini yana ɗora katako da buga kwano da silin, akwai kuma na kayan ɗaki, wanda ke shago. Dukansu za su shaida cewa gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuya. A sabon gini, awon da aka yi shi za a bi. A tsohon gida kuwa bango ya karkace, ƙasa ta zauna, kuma babu wanda ya san halin da katakon ke ciki sai an ɗaga kwano. Kafinta zai hau, ya zare ƙusa, ya cire falle ɗaya, ya ga katako lafiya lau a ido. Sai ya danna shi da tsinin ƙusa, ƙusar ta shige kamar cikin ɓawon gyaɗa, jar ƙasa da gari su zubo: gara ta cinye ciki ta bar fata. Saboda haka idan ya sauko ya ce kuɗin da aka yi magana ba za su isa ba, kafin mu ce yana neman cutar mu, mu hau tsani mu gani, ko mu tura wanda muka yarda da shi.

Babban abin da ya kamata mu fahimta shi ne katakon kansa. Yawancin wanda muke aiki da shi daga dazuzzukan kudu da tsakiyar ƙasar nan ake yanko shi, a sauke a kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa a Kano, sannan a ɗauko ta hanyar Wudil zuwa nan. Sau da yawa yana isowa ɗanye, da ruwansa a jiki. Itace kuwa yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi. Idan ya bushe sai ya tsuke, kuma a faɗi yake tsukewa, ba a tsawo ba. To, an yanko shi a ƙasa mai laima, an kawo shi inda hunturu ke busar da komai. Ƙofar da aka harhaɗa da ɗanyen falanki za ta yi kyau ranar da aka kafa ta, amma kafin Fabrairu za a riƙa hango haske ta tsakanin falankan, sakata ta daina shiga raminta. Ita kuma wadda aka matse ta ƙam a tsakiyar rani, ba a bar mata 'yar tazara ba, za ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa. Kafintan da ya jera katako a inuwa, ya sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya ce a ba shi makonni, aiki yake yi ko da ba mu ji ƙarar guduma ba. Wannan jira shi ne muka fi yi wa mummunar fassara, kuma a ganina shi ne mafi amfani cikin aikin duka.

Iyayenmu sun rufa soraye da azarar giginya saboda gara ba ta cika iya mata ba. Farin katako mai laushi da muke saye yanzu, tu-bai-tu da tu-bai-fo masu tsawon ƙafa 12, ba shi da wannan ƙarfi, dole sai an shafa masa magani. Wasu na amfani da baƙin mai don sauƙin kuɗi, wasu da maganin gara na gwangwani irin su Solignum. Kowanne aka zaɓa, a shafa tun katakon yana ƙasa, a bi kowane gefe, musamman bakin da zarto ya yanka, don ta nan ɓarna ke shiga. Shafawa bayan an ɗora rufi, gefen da ake gani kawai take samu.

Sai ɗaurin rufi. Iskar farkon damina, a watannin Mayu da Yuni, tana shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi sama, kuma idan katakon da ke kan bango ajiye shi kawai aka yi, rufin gaba ɗaya ne zai tashi. Maganin shi ne a ɗaure wannan katako da ƙarfe ko waya mai kauri da aka binne cikin gini, abin da ke buƙatar kafinta da magini su yi magana tun kafin a gama bango. Kuɗin ƙarfen bai kai na bandir ɗin kwano ba. Mutanen Ajingi, waɗanda ambaliya ta rusa wa ɗaruruwan gidaje a daminar 2022, sun san cewa sake gini cikin gaggawa ake yin sa, ga ruwa a sama ga iyali a waje. A irin wannan gaggawa ne ake tsallake ɗaurin, don haka duk wanda ya rufa ɗaki a wannan hali, ya dace ya sa a sake dubawa da rani.

A ɓangaren kayan ɗaki, yawancin gadaje da wadrob na amare yanzu da allon garin katako ake yin su, wato MDF: gari ne aka gauraya da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Yana da kyau da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiri da ruwa. Ruwan goge ɗaki ko na yoyo ya taɓa gindinsa, sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Iyayen amarya su tambayi da me aka yi kayan, su nemi a sa musu ƙafafu da za su ɗaga su daga ƙasa, a kuma rufe duk bakin da aka yanka.

Akwai kuma lafiyar masu aikin, wadda ba mu cika tunawa da ita ba. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta, musamman a hanci. Tsofaffin allunan silin na asbestos, da ake samu a gine-ginen da, sun fi haɗari: idan aka fasa su ko aka yanka, ƙurarsu na maƙalewa a huhu, illar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A jiƙa su da ruwa, a cire su ɗungurungum ba tare da fasawa ba, a fitar da yara daga gidan. Yaran shago, waɗanda su ne ke yini suna goge katako, su suka fi kowa buƙatar abin rufe hanci, kuma haƙƙin maigidansu ne ya tanada.

Abin da ya rage a hannunmu ba mai wuya ba ne. Mai niyyar gyara ya fara magana da kafinta tun kaka, kada ya bari sai hadari ya haɗo, ko saura mako biyu biki. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a rubuta a takarda gaban shaida ɗaya ko biyu: irin katakon, yawansa, ranar gamawa, da abin da za a yi idan an buɗe rufi aka tarar da ɓarnar da ba a zata ba. Farashin kaya na canzawa da sauri, don haka a sayi katako da ƙusa da zarar an ba da kuɗi, in da hali maigida ya bi kafinta kasuwa. Su ma kafintoci suna da nasu gyaran. Ƙorafin da aka fi yi a kansu shi ne saɓa alkawari, kuma yakan samo asali ne daga karɓar aikin da ya fi ƙarfin hannu, da cike gurbin aikin wani da kuɗin wani. Kafintan da ke da ayyuka uku a gabansa ya faɗa wa na huɗu gaskiyar ranar da zai iya farawa, ko da daga Kademi ko Toranke ya taso takanas, ya bar shi ya zaɓa: ya jira, ko ya nemi wani.