WannaCry

WannaCry wata muguwar manhaja ce mai garkuwa da bayanai, wadda ta bazu a duniya ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017. Tana kama kwamfutocin da ke aiki da Microsoft Windows, ta kulle fayilolin da ke ciki, sannan ta nemi mai kwamfutar ya biya kuɗin fansa da Bitcoin. Hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, ta ce cikin kwanaki kaɗan harin ya shafi kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150. Ana yawan kawo ta misali a darussan tsaron kwamfuta, domin kamfanin Microsoft ya riga ya toshe ɓarakar da ta bi kusan wata biyu kafin harin, sai dai masu kwamfutoci da yawa ba su saka gyaran ba.

Asali

Ɓarakar tana cikin tsohon tsarin SMBv1, wanda kwamfutocin Windows ke amfani da shi wajen musayar fayiloli da raba firinta a tsakaninsu. Hukumar tsaro ta Amurka, NSA, ta gano wannan rauni, ta ƙera makamin kutse a kansa mai suna EternalBlue, ta ajiye don aikinta na leƙen asiri. Ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da gyara mai lamba MS17-010. Bayan wata guda, ranar 14 ga Afrilu, wata ƙungiyar masu kutse da ke kiran kanta Shadow Brokers ta watsa makamin a intanet, kowa ya iya ɗauka. Shugaban Microsoft, Brad Smith, daga baya ya kwatanta lamarin da a sace wa sojojin Amurka makamai masu linzami.

Yadda take aiki

Yawancin manhajojin neman fansa sai mutum ya buɗe wani saƙo ko ya danna wani adireshi kafin su shiga. WannaCry ba ta jiran kowa. Tana cikin rukunin da masana ke kira tsutsa, wato manhajar da ke yaɗa kanta. Da zarar ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta laluba sauran da ke haɗe da ita, da ma wasu adireshin intanet barkatai, tana neman wadda ta bar ƙofa mai lamba 445 a buɗe ba tare da gyara ba. Shi ya sa kwamfuta ɗaya ke iya jawo wa ofis guda asara cikin mintuna.

Bayan ta kulle takardu da hotuna da bidiyo, tana ƙara wa sunan kowane fayil alamar .WNCRY, sannan jan allo ya bayyana da agogo yana ƙirga lokaci. Fansar dala 300 ce. Idan kwana uku suka wuce ta koma 600, bayan kwana bakwai kuma a yi barazanar share komai. Amma tsarin karɓar kuɗin ba shi da inganci: asusun Bitcoin uku kacal aka yi amfani da su, babu sahihiyar hanyar gane wanda ya biya. Abin da maharan suka tara kusan dala 140,000 ne, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi ɓarnar.

Ɓarna

Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, na cikin waɗanda suka fi ji a jiki. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocinta abin ya shafa, an soke ganin likita da tiyata wajen 19,000, wasu asibitoci suka riƙa tura motocin ɗaukar marasa lafiya wani wuri. Ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Harin ya kuma taɓa kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifaniya, da jiragen ƙasa na Deutsche Bahn a Jamus, da FedEx, da masana'antun motoci na Renault da Nissan.

Dakatar da ita

Wani matashin mai bincike ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, mai shekara 22, ya lura cewa kafin manhajar ta fara aiki tana tuntuɓar wani dogon adireshin intanet da ba a yi wa rajista ba. Ya yi masa rajista a kan dala 10.69. Ashe an tsara ta ne ta tsaya idan adireshin ya amsa, don haka yaɗuwar ta ragu ƙwarai a ranar. Wannan bai buɗe fayilolin da aka riga aka kulle ba.

A Disamba 2017 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin kan Koriya ta Arewa, a Satumba 2018 kuma ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi wani mai suna Park Jin Hyok. Koriya ta Arewa ta musanta.

Kariya ga kwamfutar gida

Kwamfutocin gida ba su kamu kamar na ofisoshi ba, saboda na'urar rarraba intanet ta gida yawanci ba ta barin baƙo daga waje ya kai ga ƙofa 445. Wannan sa'a ce kawai, domin kwamfutar tafi-da-gidanka da aka jona a makaranta ko wurin aiki ba ta da wannan katanga.

An yi ta zargin Windows XP, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun 8 ga Afrilu, 2014, har kamfanin ya fitar masa da gyaran gaggawa kyauta. Amma binciken kamfanin Kaspersky ya nuna kusan kashi 98 cikin 100 na kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ne a kansu, wanda gyaransa yana nan tun Maris. Mutane kan kashe sabuntawa don tsimin data, ko don kwamfutar ba ta da Windows na asali, ko don gudun ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Manhajar riga-kafi tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin sabuntawa, musamman a sa'o'in farko kafin ta san sabuwar cuta.

Abin da ke ceton fayiloli shi ne kwafin ajiya a kan filashi ko faifan waje, wanda ake cirewa bayan an kwafa, tunda abin da ke jone da kwamfuta shi ma ana iya kulle shi. Wanda ya kamu ya fara cire kwamfutar daga intanet. Hukumomin tsaro ba sa ba da shawarar biyan fansa. Shirin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holan suka kafa da wasu kamfanoni a 2016, yana ba da manhajojin buɗe wasu nau'o'in kulle kyauta.

Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai masu Windows 10 na gida za su iya shiga shirin ƙarin gyaran tsaro har zuwa Oktoba 2026.