Annobar Tauraron Teku Mai Ƙaya a Gaɓar Ostireliya

Tsakanin 1985 da 2012, babban shingen murjani da ke gaɓar jihar Queensland ta Ostireliya ya rasa rabin murjaninsa mai rai. Cibiyar nazarin teku ta ƙasar ta ɗora kashi 48 cikin 100 na wannan asara a kan guguwa, kashi 42 kuma a kan halitta guda, wato tauraron teku mai ƙaya. Hannuwansa kan kai 21, duk ƙaya mai dafi. Yakan hau kan murjani, ya fito da tumbinsa ta baki ya shimfiɗa, ya narkar da naman, ya bar farin ƙashi.

Ba baƙo ba ne a wurin. Abin tambaya shi ne me ya sa yake ɓarkewa kamar farin dango, a 1962 da 1979 da 1993, sannan a 2010.

Wani ɓangare na amsar yana cikin makonnin farko na rayuwarsa. Mace ɗaya kan saki miliyoyin ƙwai a lokacin zafi, 'ya'yan su yi ta yawo a ruwa suna cin ƙananan tsirran da ido ba ya gani. A tsaftataccen ruwa yunwa ke kashe mafi yawansu. Amma idan ambaliya ta kwaso takin zamani daga gonakin rake ta zuba a teku, sai abinci ya wadata, waɗanda da sun mutu su rayu. Wasu masana sun fi zargin kamun kifi da kwasar babban dodon koɗin da ke cinye shi, kuma suna da hujja, domin annobar ta fi sauƙi inda aka hana kamun kifi. A ganina dalilan biyu tare suke aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne binciken Jami'ar Sydney na 2020, wanda ya nuna cewa ƙaramin tauraron zai iya yin shekara shida yana cin gansakuka, yana jiran murjani ya farfaɗo.

Yanzu masu ninƙaya ke bin manyan ɗaya bayan ɗaya da allurar ruwan khal ko ta maɗaciyar shanu. Aikin yana ceton wuraren da aka zaɓa, sai dai shingen ya kai tsawon kilomita 2,300, allurar kuwa ba ta kaiwa ga ƙananan da ke ɓoye cikin ɓaraguzai.